Bin sawun man da ke fita daga aksil ɗin baya

4 ga Afrilu

Tayar baya ta hagu ta jiƙe ta ciki. Ƙura ta manne a wurin ta zama baƙin kwaɓi, kuma akwai layuka-layuka da suka taso daga tsakiyar wili suka bazu zuwa gefen taya, alamar abu ne da ke fitowa lokacin da tayar ke juyawa, juyin yana watsa shi waje. A ƙasa inda motar ke kwana babu ɗigo ko ɗaya, amma hakan bai kwantar min da hankali ba. Man da ke fita ta bakin aksil ba ƙasa yake fara nufa ba, cikin duram ɗin birki yake shiga, sai ya gama jiƙa abin da ke ciki sannan ya nemi hanyar fitowa.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai jan baya, aksil ɗinta na baya guda ne dunƙule, birkin baya kuma na duram. Zan riƙa rubuta abin da na gani da abin da na yi har aikin ya kammala. Na ƙudura ba zan sayi ko noti ɗaya ba sai na san wane mai ne wannan, kuma me ya sa ya fito.

Abu uku ne ke iya jiƙa wurin: man shokazoba, man birki daga ƙaramar silindar da ke cikin duram, ko man giya daga aksil. Shokazoba na fara dubawa da tocila, jikinta a bushe yake ƙayau. Daga nan na buɗe bonet na leƙa robar man birki, man yana nan tsakanin layin sama da na ƙasa inda na saba ganinsa, kuma feda ba ta yi laushi ba. Sai na dangwalo jiƙar da yatsa na shinshina. Warin farar wuta ne mai hawa kai, wanda duk wanda ya taɓa buɗe aksil ba zai manta da shi ba. Warin yana fitowa ne daga sinadaran da ake zubawa a man giya don ya jure matsi mai tsanani tsakanin haƙora.

Duk da haka ban tsaya ga hanci kawai ba. Na ɗebo ruwa a murfin gwangwani na ɗiga abin a ciki. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana gauraya da ruwa ya ɓace a cikinsa, man giya kuwa taso yake ya tsaya a sama. Wannan ya taso ya yi ido a saman ruwan. Man giya ne.

5 ga Afrilu

Yau na ɗaga motar, na tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin aksil, na sa waigi a tayoyin gaba. Ba na shiga ƙarƙashin mota jak ne kaɗai ke riƙe da ita, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi.

Sanin cewa man giya ne bai nuna ta inda ya fito ba. Aksil irin wannan yana da wurare da yawa da mai zai iya tsiyaya: sil ɗin finiyon a gaba inda farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giya, ke shiga (sil shi ne zoben roba da ke tare mai, finiyon kuma ƙaramar giyar da farfela ke juyawa), gaskit ɗin murfin baya, notin zuba mai, mafitar iska da ke sama, sai sil guda biyu na bakin bututun aksil da ke kaiwa ga taya, hagu da dama. Iskar tafiya tana kwashe mai ta kai shi baya da gefe, don haka wurin da ya fi jiƙa ba lallai shi ne tushen ba. Na bi bututun hagu da tocila daga tukunyar difaranshal, wato kumburin tsakiyar aksil inda giyoyi suke, zuwa taya. Tsakiyar bututun busasshiyar ƙura ce kawai. Jiƙar ta fara ne daga farantin da ke bayan birki, ta ƙasansa. Ke nan man ba daga tukunya ya gangaro ta waje ba, daga ƙarshen bututun yake fitowa.

Na cire taya, na sauke hambirki, na zare duram. Cikinsa ya tabbatar da zancen. Mai ya zubo daga bakin bututu, bayan farantin da notinan taya ke ɗaure a kai, ya gangara ta jikin farantin birki ya taru a ƙasa. Ƙasan lainin biyun ya yi baƙi yana ƙyalli. Na ɗaga robar bakin silindar birki a hankali, cikinta a bushe, amma robar kanta ta ɗan kumbura ta gefen da mai ya taɓa. Robar da ake yin kayan birki da ita ba ta jituwa da man da aka tace daga fetur, da ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi. Wannan ma ya shiga lissafi.

Ƙurar birki ba a hure ta da iska ko da baki, don wasu lainin har yanzu akwai asbestos a cikinsu. Da maganin wanke birki na feshe komai, na tare dattin a kwano, na goge.

Sai awon mai. Na kwance notin zubawa da ke gefen tukunya, motar tana daidai ba ta karkata ba. Ƙa'ida ita ce man ya kai leɓen ramin na ƙasa ko dab da shi. Na zura ɗan yatsa na lanƙwasa, sai da gaɓar farko ta nutse kafin na taɓo shi. Ya ragu, amma bai kai matakin da haƙora za su ci juna a bushe ba. Launinsa ya yi duhu, sai dai bai yi fari-fari ba, wato ruwa bai shiga da yawa ba. Wannan awon ya kuma kawar da wani zato: ba cika mai fiye da kima aka yi ba har ya mamaye sil. Na ƙara 80W-90 mai lambar GL-5, irin wanda littafin motar ya ce, har ya fara dawowa ta ramin, na ɗaure.

Lainin nan ba su da sauran amfani, za a canza su. Amma na mayar da su na ɗan lokaci don in samu in gwada motar a hankali, babu kaya, ba nisa. Idan na sa sababbi yanzu alhali man bai tsaya ba, su ma zai ɓata su.

8 ga Afrilu

Bayan 'yar tafiya da ta isa aksil ya ɗauki zafi, na leƙa bayan faranti. Wurin da na goge tas ya sake yin layi siriri mai danshi daga sama zuwa ƙasa. Gefen dama a bushe. Murfin baya a bushe. Sil ɗin finiyon yana da ɗan naso da ya kama ƙura, amma ba ya ɗiga.

Wani abu kuma da na lura: idan na taka birki a hankali, tayar hagu ta baya tana ɗan fizga kafin ta kama sosai. Haka lainin da ya sha mai yake yi, wani lokaci ya zame, wani lokaci ya cafke. Motar ba za ta ɗauki kaya ba sai an gama.

11 ga Afrilu

Na kira yayana, wanda ya daɗe yana aikin kanikanci, na zayyana masa duk abin da na gani. Bai bari na gama ba ya ce, "Ƙanena, ka duba mafitar iska kuwa?"

Na ce, "Yaya, ita ce aikin yau."

Ya ce, "To fara da ita. Ka kuma girgiza tayar da kyau kafin ka kwance komai. Sil ba ya mutuwa haka kawai."

A saman bututun aksil akwai wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura, tiyo ya tashi daga kansa ya hau zuwa jikin shasi, a ƙarshensa akwai 'yar hula. Aikinsa ya bar aksil ya yi numfashi. Cikin aksil ba mai ne zalla ba, mafi yawansa iska ce. Idan mota na tafiya, haƙoran suna gugar juna suna kaɗa mai, komai ya yi zafi, iskar ta nemi ta buɗe. Lissafin mai sauƙi ne: iskar da aka kulle a digiri 30 idan ta kai digiri 90, matsinta yana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin 100. Kamar jarka ce da aka toshe bakinta aka ajiye a rana. Sil na yau da kullum an yi shi ne ya tare mai, ba ya riƙe matsi ba, don haka idan mafita ta toshe, iskar tana turo mai ta wurin da ya fi rauni. Idan kuma aksil ya huce, musamman ya huce farat ɗaya a cikin ruwa, sai abin ya juya: ya zuƙo iska ta bakin sil, tare da ƙura da ruwan da ke wurin. Wannan zuƙowar ta fi damuna, don ƙurar da ta shiga ƙarƙashin leɓen sil ita ce ke cin ƙarfe.

Na zare tiyon na hura ta ƙasa, iska ba ta wuce ba. Hular ta cushe da busasshiyar laka, tiyon kuma ya lanƙwashe a wani wuri ya manne. Na kwance ƙarfen daga jikin bututu bayan na wanke kewayensa don kada datti ya faɗa ciki. Raminsa ya kusa rufewa da tsatsa da daskararren mai, sai da na bi shi da siririyar waya da kananzir kafin haske ya ratsa. Na sa sabon tiyo, na bi da shi ta inda ba zai naɗe ba, na bar masa sassauci don aksil yana hawa yana sauka, na juya bakinsa ƙasa.

Na ji daɗin samun wannan, don ko ba komai an gano laifi guda na gaske. Sai dai akwai tambayar da ta tsaya min: matsin da ke cikin aksil iri ɗaya ne hagu da dama. Me ya sa hagu kaɗai ya saki? Dole akwai abin da ya raunana wannan gefen. Na sake wanke farantin, zan ba shi mako in gani.

18 ga Afrilu

Yoyon ya ragu sosai, amma bai tsaya ba. Layin danshin ya dawo, ya dai fi na baya sirantaka. Ke nan toshewar mafita tana ƙara tura man, amma ƙofar da yake bi tana nan a buɗe.

Na sake ɗaga motar, tayoyin baya biyu a sama, giya a firi. Da farko na juya tayar hagu gaba, ta dama ta juya baya. Wannan ya nuna difaranshal ɗin na gama-gari ne, ba mai kulochi a ciki ba, wanda tayoyinsa ke juyawa gefe ɗaya kuma yake buƙatar ƙarin sinadari a mansa. Yana da kyau mutum ya san wannan kafin ya sayi mai.

Daga nan girgiza. Akwai motsi iri biyu, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na kama taya na ja ta waje na tura ta ciki, ta ɗan motsa da ƙara "ƙwas". A aksil irin nawa wannan ba laifi ba ne idan kaɗan ne, don shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke cikin bututu tana juya taya, wani kilif mai siffar harafin C ne ke riƙe da shi can cikin tukunya, kuma dole a samu ɗan sarari. Gefen dama ma haka yake yi, daidai wa daida. Motsin da nake nema shi ne na sama da ƙasa. Na zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin taya na ɗaga, hannuna ɗaya a kan farantin birki. A dama shiru. A hagu na ji shaf yana ɗagawa yana komawa, kaɗan ne, amma hannu ya ji shi sarai. Da na juya tayar a hankali, kunnena kusa da bututu, akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa da babu shi a dama.

Leɓen sil yana iya bin shaf idan karkacewar 'yar kaɗan ce, shi ya sa aka yi shi da roba aka kuma ɗaure shi da ɗan sifirin. Amma idan boris ya saki, shaf yana bugawa sama da ƙasa a kowane juyi da kowane gargada, leɓen ba ya iya bin sa, sai sarari ya buɗe a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ya ci. Wanda ya canza sil ya bar boris ɗin, aikin zai dawo masa ba da jimawa ba.

Akwai sauran abu biyu da na so in cire daga zargi. Na farko lanƙwasar shaf. Na kafa agogon awo a jikin farantin birki, bakinsa a kan fuskar da taya ke zama, na juya shaf zagaye guda. Allurar ta yi 'yar rawa, amma cikin iyakar da littafin motar ya yarda. Na biyu lanƙwasar bututun aksil kansa, abin da yawan lodi ke jawowa a irin waɗannan motoci. Tayoyin baya biyu sun ci daidai, babu wadda ta ci ta gefe, kuma inda bututu ya shiga tukunya babu tsaga babu naso. Na bar wannan zargin.

19 ga Afrilu

Ranar buɗewa. Kafin in ci gaba, a san cewa ba duk aksil ake kwance shi haka ba. A wasu motocin, kamar Toyota Hilux, boris matse shi ake yi a jikin shaf, noti huɗu ne a bayan farantin birki ke riƙe da komai, kuma shaf yana fitowa ba tare da an taɓa cikin tukunya ba. Masu kilif kuwa, irin aksil ɗin Ford mai inci 8.8, sai an cire murfin baya. Mutum ya tabbatar da irin nasa kafin ya ɗauki sifana.

Na fara sassauta notin zuba mai, don idan ya ƙi kwancewa gara in sani tun man yana ciki. Na kwance notinan murfi na bar na sama biyu a sassauce, na ɓamɓare ƙasan murfin, mai ya kwararo cikin kwano. Na kai kwanon hasken rana na karkata shi. Akwai ƙyalli-ƙyalli ƙanana suna yawo a ciki. Maganaɗisun da ke ciki ya tara toka-tokan laushi, wanda wannan ba abin tsoro ba ne, haka ƙarfe ke ci a hankali. Amma da na murza shi tsakanin yatsu na ji 'yan ɓarɓashi masu kaifi, sirara, masu sheƙi. Waɗannan ɓallewa suka yi daga wani wuri.

Na duba haƙoran babbar giya ɗaya bayan ɗaya ina juyawa. Lafiyarsu ƙalau, fuskarsu sumul, babu wanda ya gutsure. Hankalina ya ɗan kwanta. Irin wannan haɗin haƙora, wanda finiyon ke zaune ƙasa da tsakiyar babbar giya, ya shigo motoci tun shekarun 1920. Yana rage ƙara, yana kuma ba da damar a sauke farfela ƙasa, amma haƙoransa suna goga juna da ƙarfi, shi ya sa ba ya yafe ƙarancin mai ko man da bai kai GL-5 ba. Yoyon da ake rainawa a bakin taya, ƙarshensa nan yake zuwa.

Na juya har ƙaramin notin da ke kulle sandar tsakiya ya fuskance ni. Wannan notin siriri ne, yana da halin karyewa a ciki, don haka na sa soket mai kusurwa shida da ya zauna daram, na ja a hankali. Ya fito lafiya. Na zare sandar. Daga wannan lokaci ban sake juya komai ba, don idan sandar ta fita, ƙananan giyoyin da ke kanta suna iya gangarowa su faɗo da wasoshinsu. Na je waje na tura shaf ciki, na dawo na ga kilif ya bayyana, na zaro shi da maganaɗisu. Sai na ja shaf ɗin waje ina tallabe da shi, na mayar da sandar tsakiya wurinta don ta riƙe giyoyin.

Na goge wuyan shaf na kai shi haske. A irin wannan aksil, 'ya'yan boris kai tsaye suke birgima a kan shaf, wato jikin shaf shi ne hanyarsu ta ciki. Wurin da ya kamata ya zama sumul kamar yadda aka gogo shi daga masana'anta ya yi tsaga-tsaga, fatar ƙarfen ta ɓaɓɓalle a wani yanki mai faɗin babban yatsa, ramukan suna da baki mai kaifi. Ga inda ɓarɓashin ya fito. Kusa da shi ta waje, inda leɓen sil ke zama, akwai zobe siriri da ya zagaye shaf. Na ja farce a kai, farcen ya maƙale. Zanen da ido ke gani amma farce bai ji ba, ana iya haƙuri da shi. Wanda farce ya faɗa ciki kwarmi ne, sabon leɓe ba zai zauna a kai ya rufe ba.

Sil ɗin da na ɓanɓaro shi ma ya ba da nasa bayani. Leɓen ya taurare, na lanƙwasa shi ya tsattsage. Ta sama ya ci ya yi faɗi, ta ƙasa kusan yadda yake. Cin gefe ɗaya irin wannan shaida ce shaf ba ya tsakiya, nauyin mota ya danne bututu a kansa bayan boris ya saki. A bayan leɓen akwai ƙura da ta dunƙule da mai.

Yanzu zancen ya haɗu yadda na fahimce shi. Mafita ta toshe, aksil ya riƙa turo mai yana zuƙo ƙura ta bakin sil. Ƙurar ta ci shaf, ta kuma isa boris da ke bayan sil ɗin kai tsaye. Boris ya fara ɓalle wuyan shaf, shaf ya samu wurin motsi, motsin ya ƙarasa leɓen.

21 ga Afrilu

Hanya uku ce a gabana. Akwai siririyar riga ta ƙarfe da ake sa wa shaf ta rufe kwarmin sil. Tana aiki, amma ga wurin sil kawai, ba ta ɗaukar nauyin 'ya'yan boris, don haka ba ta warware matsalata. Akwai kuma boris na gyara da ke matsar da wurin birgima zuwa inda ƙarfen bai lalace ba. Dabara ce mai kyau ga wanda ke son ya lallaɓa, sai dai motata kaya take ɗauka, kuma shaf ɗin da fatarsa ta fara ɓallewa ban amince in ɗora masa lodi ba. Ta uku sabon shaf, sabon boris, sabon sil. Ita na zaɓa.

Goge kwarmin da takarda mai yashi ban ma sa shi a lissafi ba. Yana rage kaurin shaf, kuma idan zanen gugar ya karkata ko kaɗan, yana zama hanyar da juyi zai riƙa murɗo mai waje ta ƙarƙashin leɓe.

Tunda murfi a buɗe yake, na zare shaf ɗin dama ma. Wuyansa lafiya, farce bai kama komai ba, zai koma. Amma boris da sil na wannan gefen shekarunsu ɗaya da na hagu, iska ɗaya suka sha, man da ke da ɓarɓashi ɗaya ya wanke su. Zan canza su. Sauran abin da zan nemo: lainin birki na ɓangarori biyu, don ba a canza na gefe ɗaya, silindar birki ta hagu saboda robar da ta kumbura, sabon notin kulle sanda, gaskit, da mai. Zan tafi da tsohon shaf da tsohon sil a hannu, a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran bakin shaf, don na hagu da na dama ba koyaushe tsawonsu ɗaya ba.

25 ga Afrilu

Na fitar da tsofaffin boris da guduma mai zamiya, wadda ke kama boris ta baya ta fizgo shi. Sannan wanki, wanda ya fi komai cin lokaci. Na ɗaura tsumma mai tsabta a kan doguwar sanda na riƙa zura shi cikin kowane bututu har ya daina fitowa da baƙi, na kwashe abin da ya kwanta a gindin tukunya, na wanke maganaɗisu. Ɓarɓashi ɗaya da ya rage yana iya fara wa sabon boris irin ciwon tsohon.

Na shafa wa sabon boris man giya, na buga shi da ƙarfe mai faɗin bakinsa ta yadda bugun zai sauka a gefensa na waje kawai, har ƙarar ta canza ta nuna ya kai maƙura.

Na daɗe ina juya sabon sil a hannu kafin in sa shi. Abu ne ƙarami: zoben ƙarfe, leɓen roba, da sifirin mai zagaye da ke matse leɓen. Asalin irinsa na zamani wani injiniya ne mai suna Walther Simmer ya fito da shi a kamfanin Freudenberg na Jamus a 1929, kuma da fata aka fara yinsa kafin roba ta karɓe. Leɓen ba a bushe yake gugar ƙarfe ba, a kan wani siririn mai da ido ba ya gani yake zamewa. Shi ya sa ba a sa shi a bushe, juyin farko kaɗai ya isa ya ƙona bakinsa. Na shafa masa mai, na tabbatar gefen da sifirin yake shi ne ke kallon ciki wajen mai, na ɗora shi daidai, na buga a hankali ina duba kewayensa. Sil ɗin da ya shiga a karkace, ko zobensa ya lotsa, yoyo zai yi tun ranar farko.

Wurin mayar da shaf ne ake yawan ɓata sabon sil. Shaf yana da nauyi da tsawo, bakinsa kuma haƙora ne masu kaifi. Na tallabe shi da hannu biyu, ban bari ya kwanta a kan leɓen ba har ya kusa ƙarewa, na ɗan murza shi haƙoran suka shiga. Na zare sandar tsakiya, na tura shaf ciki, na sa kilif, na ja shaf waje har kilif ya nutse a gurbinsa cikin giyar gefe. Haka a ɗaya gefen. Na mayar da sanda, na sa sabon noti da ɗigon gam ɗin kulle zare, na ɗaure shi da sifana mai awo daidai adadin da littafi ya ce. Na kankare tsohon gaskit tas, na sa sabo, na ɗaure murfi ina tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Na sauke motar daidai na zuba mai har bakin rami.

26 ga Afrilu

Birki. Na wanke duram ɗin hagu har farin tsumma ya fito fari, na sa sabuwar silinda da sababbin lainin a ɓangarori biyu, muka fitar da iska daga layin birki, na daidaita hambirki. Feda ta tsaya da ƙarfi. A gwajin farko fizgar nan ta ɓace, gurnanin ma babu. Da na tsaya na taɓa ƙarshen bututun hagu da na dama, ɗuminsu ɗaya. Na sake duba mai bayan ya huce, ya ɗan sauka saboda wani ya gangara cikin bututu zuwa boris, na cike.

9 ga Mayu

Motar ta koma aiki da kaya. Bayan farantin hagu da na dama ƙura ce kawai, busasshiya. Ban yarda da kallon waje kaɗai ba, na zare duram ɗin hagu na haska bakin bututu, na zagaya shi da farar takarda. Ta fito babu tabo. Na ɗaga taya da ƙarfe, babu motsin sama da ƙasa. Na hura tiyon mafita, iska na wucewa.

30 ga Mayu

Mai yana nan a bakin rami, launinsa garau. Bakin bututu biyu a bushe.

Abin da ya rage shi ne nason sil ɗin finiyon. Tun da aka buɗe mafita na wanke wurin, ya ɗan sake kama ƙura amma bai ɗiga ba, farfela kuma ba ta motsi idan na girgiza ta a bakin tukunya. Ba zan taɓa shi yanzu ba. Babban notin da ke wurin shi ne ke saita matsin boris ɗin finiyon, a irin wannan aksil kuma akwai zoben da ke lotsewa idan an ɗaure, wanda idan aka zarce da shi sai an kwance an sa sabo. Aiki ne da ke buƙatar awo kafin kwancewa da bayan ɗaurewa. Na yi wa iyakar nason alama da farin fenti, zan riƙa duba shi duk lokacin da na canza baƙin mai, tare da hura tiyon mafita. Idan ya wuce alamar ko ya fara ɗiga, sai in buɗe masa nasa shafin.